Me ya sa muke zubar da ruwan inji kafin mu zuba ruwan hoda?

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa muke wahalar kwance notocin magudana a jikin tsofaffin injunan jiragen ruwan nan kafin sanyin hunturu, alhali ka ga wasu suna tsoma tiyo a bokitin maganin hana daskarewa mai launin ruwan hoda, su tada inji, da zarar ruwan hoda ya fito ta salansa su kashe su wuce na gaba. Tambayarka tana kan hanya, domin a daidai wurin nan ne injuna da yawa suke mutuwa a bakin Tafkin Ontario, da ke tsakanin Kanada da Amurka, duk shekara.

Ruwa idan ya zama ƙanƙara yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari. Ƙarfen zubi kuwa ba ya miƙewa, tsagewa yake yi. Motar da ka saba gyarawa a gida tana da lagireto, ruwanta ɗaya ne yake zagaye. Tsohon inji irin Atomic 4, wanda kamfanin Universal ya daina ƙerawa tun shekarun 1980, ruwan tafki yake zuƙa kai tsaye ya ratsa cikin bulok ya fita ta salansa. To jirgin da muka ɗaga a watan Oktoba zai kwana a kan tudu har Afrilu ko Mayu, sanyin Janairu kuma yakan sauka ƙasa da sifili da digiri 20. Duk ruwan da ya saura a ciki zai yi aikinsa.

Matsalar dabarar bokiti ita ce tamostat, wato abin da yake buɗe wa ruwa hanyar ratsa bulok idan inji ya yi zafi. Ba ya buɗewa sai inji ya kai wajen digiri 60. Kafin nan, abin da famfo ya turo yana bin hanyar gefe ne ya tafi salansa, bai shiga bulok ba. Sai ka ga ruwan hoda yana fita ka ɗauka an gama, alhali cikin injin cike yake da zallar ruwan tafki. Ko ka ɗumama injin tukuna, maganin da ke bokiti mai sanyi ne, yana taɓa tamostat zai iya rufe shi. Shi ya sa nake cire tamostat ɗin gaba ɗaya, in matse tiyon hanyar gefe, bayan na kwance kowace magudana ta bulok da ta manifol, wato bututun da yake tattara hayaƙi zuwa salansa. Idan ka kwance noti ruwa bai zubo ba, kada ka ce babu ruwa. Tsatsar shekara 40 ce ta toshe bakin. Zura waya ka sosa har ya ɓalle, za ka ga baƙin ruwa kamar na rini.

Akwai kuma lambar da ke jikin galan ɗin maganin. Wannan 50 ƙasa da sifili da suke rubutawa, a ma'aunin Amurka ne, kuma tana nufin sanyin da zai fasa bututu, maganin yana fara kamewa tun kafin nan da nisa. Idan ya gauraya da ragowar ruwa ƙarfinsa ya ragu. Mai ruwan hodar nan muke saya saboda ba shi da dafi irin na mota, wanda in ya malala a ƙasa kare ya lasa zai iya kashe shi, kuma a bazara tafki zai koma.

Kafin duk wannan, ka canza baƙin mai yana da ɗumi. Tsohon mai yana ɗauke da asid da danshi, bai kamata ya kwana wata shida a kan beyarin ba. A minti na ƙarshe na tafiyar injin ka fesa man kariya ta bakin kafireta har ya yi hayaƙi ya mutu, don fistin da zobe kada su kama tsatsa. Wannan na injin fetur ne kawai. Kada ka kuskura ka fesa wa na dizal, zai ƙone man ya yi ta gudu ka kasa kashe shi.

Robar famfon ruwa ka zare ta ka ajiye a jaka ka rataye kusa da makulli, domin fukafukanta sukan lanƙwashe idan sun daɗe a matse, kuma wanda zai tada injin a bazara ya gani ya tuna. Fetur ɗin nan mai gaurayen etanol yana jan danshi, ka zuba masa maganin ajiya tun kafin ka tada injin don ya kai kafireta. Batir ka cika shi da caji ka cire kan waya. Wanda cajinsa ya ƙare shi ne ƙanƙara take fasawa.

Duk lokacin da za ka tada injin fetur a cikin jirgi, ka kunna fankar fitar da iska minti 4, ka kuma sa hanci a ramin injin. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a gindin jirgi yake taruwa, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Gobe da safe ka zo da waya da ƙaramar sufana, kai za ka kwance magudanan jirgin farko ina tsaye a kanka.