Malam, wai da gaske akwai lissafi guda da zai bayyana komai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne ɗan Taminal C, ajin ƙarshe na sakandare, a nan Garwa ta Kamaru, bana zan rubuta jarrabawar bak in sha Allahu. Malaminmu na fizik ya ce wai masana suna neman ƙa'ida guda da za ta bayyana komai da komai. Gaskiya ne? Kuma wannan ba shisshigi ba ne cikin sanin Allah?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar bak. E gaskiya ne ana nema kuma har yau ba a samu ba, sai dai sunan nan na "ƙa'idar komai" shi ke rikita mutane, abin da ake nema bai kai girman sunan ba.

Duk wani ja da turi da muka sani a duniya ƙarfi huɗu ne ke bayansa: girabiti mai jawo mangwaro ƙasa, lantarki da maganaɗisu a matsayin guda, sai wasu biyu da ke aiki can cikin ƙwayar atom, babba mai riƙe tsakiyarta da mai rauni wanda ke sa wasu ƙwayoyin su rikiɗe. To tambayar ita ce, huɗun nan ba abu ɗaya ba ne ya canza riga? Kuma ba haka kawai aka fara wannan zato ba, an sha ganin irinsa. A 1687 Niyuton ya nuna abin da ke kayar da dutse shi ne dai ke riƙe wata a hanyarsa. Wajen 1865 Makswel ya haɗe lantarki da maganaɗisu, sai ga shi haske ma ɗan gidan ne, injinan dam ɗin Lagdo da ke ba ku wuta da wannan ilimin suke aiki. Sannan Abdussalam ɗan Pakistan da wasu Amurkawa biyu suka haɗa lantarkin da ƙarfi mai rauni, aka ba su Nobel a 1979, a 1983 kuma aka ga ƙwayoyin W da Z da lissafinsu ya ce akwai, a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba.

Wanda ya ƙi shiga layi shi ne girabiti. Ka ciro mayen ƙarfe daga sifikar tsohuwar rediyo ka kai shi kan allura, za ka ga ta yi tsalle ta manne, alhali duniya sukutum da duwatsun Mandara da kogin Binuwai tana janta ƙasa amma ɗan ƙarfen nan da bai cika tafin hannu ba ya rinjaye ta. Duk shekara ina yi wa ɗalibaina wannan a Marwa kuma har yau abin na ba ni mamaki. Tsakanin firoton biyu, wato ƙwayoyin da ke tsakiyar atom, lantarki ya fi girabiti ƙarfi kusan sau 1 da sifili 36 a gabansa.

Babbar matsalar kuwa, a 1915 Ainstain ya ce girabiti lanƙwasar sarari da lokaci ne, abu sumul kamar zanen da aka shimfiɗa aka ɗora dutse, shi kuma ilimin kwantom da ya tsaya da ƙafarsa a 1925 zuwa 1926 ya ce a'a ƙananan abubuwa tsaba-tsaba suke zuwa kuma sai dai ka faɗi yiwuwar abu ba tabbas ba. Kowanne a fagensa gwaji bai taɓa kayar da shi ba. Amma ka haɗa su a inda dole su haɗu, kamar tsakiyar baƙin rami, wurin da ko haske ba ya kuɓuce wa girabitinsa, ko farkon fashewar da sararin samaniya ya faro shekara biliyan 13.8 da suka wuce, sai lissafi ya riƙa fidda adadi mara iyaka. Ainstain kansa kusan shekara 30 ya yi yana neman haɗin kan, ya rasu a 1955 bai samu ba.

Wadda ta fi suna yanzu ita ce ƙa'idar tsirkiya, wai kowace ƙwaya ƙaramar tsirkiya ce mai kaɗawa, kamar yadda tsirkiyar goge guda ke fidda murya iri-iri. Tana da kyau ƙwarai, amma tana bukatar fuskoki 10 ko 11 mu kuwa huɗu muka sani, tsawo, faɗi, zurfi da lokaci, kuma babu gwajin da ya tabbatar da ita, injin CERN mai da'irar kilomita 27 ko kusa bai kai ƙarfin da ake bukata ba. Ni dai a ganina kyan lissafi ba hujja ba ne. A 1974 an kawo wata ƙa'ida kyakkyawa da ta ce firoton na ruɓewa, a Japan aka cika tanki da ruwa tan 50,000 a ƙarƙashin dutse ana gadi tun 1996, har yau ko ɗaya ba a gani ba.

Sai batun shisshigi. Ka tuna makarantar allo, yaron da ya gama babbaƙu da farfaru ya san haruffan da aka rubuta kowane littafi da su, amma ka miƙa masa littafin fiƙihu ka ce ya yi fatawa ka gani. To ƙa'idar nan ko an same ta haruffa ce, ba za ta faɗa maka ko damina za ta yi kyau a Yagwa ba ko nawa buhun masakwa zai kai a kasuwa, balle ta ce don me aka yi duniya ko daga ina ita kanta ƙa'idar ta fito, wannan ba aikin fizik ba ne. Shi ya sa ban ga shisshigi a ciki ba, duba halitta ne da tunani a kanta. Kuma kada ka ɗauka an kusa gamawa, duk abin da ka karanta a aji na atom kashi 5 cikin 100 ne kacal na abin da ke sararin samaniya, sauran kashi 95 ɗin suna kawai aka raɗa masa.