Hukuncin Sauya Wa Tsohuwar Mota Jiki da Bodin Faiba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Ingila, ina da tsohuwar Toyota MR2 ƙirar 1992. Injinta lafiya lau, bodin ne ya tsufa. Ina so in sayi bodin faiba in ɗora mata ta koma kamar Ferrari F355. Wani ɗan'uwa ya ce mini wannan canza halitta ne, kuma yaudara ce. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, maganar canza halitta ba ta taso ba. Ayar Suratun Nisa'i ta 119 a kan halittar Allah take magana, mota kuwa ƙirar ɗan Adam ce, kuma asalin abubuwan duniya halas ne sai wanda dalili ya hana. Son abin hawa mai kyau ma ba laifi ba ne, don ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Allah Mai kyau ne, Yana son kyau. Shi faiba zaren gilashi ne da ake haɗawa da danƙo a zuba a mazubi, ba ya tsatsa, kuma tun 1953 kamfanin Chevrolet ya fito da Corvette da irin wannan jiki. Saboda haka aikin ya halatta.

Amma rabin maganar ɗan'uwan naka akwai ƙamshin gaskiya, kuma a wurin tambari take. Da zarar ka manna dokin Ferrari da sunansa a motar da injinta da shasinta na Toyota ne, ka faɗa cikin abu biyu. Akwai haƙƙin masu tambarin, wanda Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zartar a zamanta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Sannan akwai hadisin Asma'u 'yar Abubakar a Bukhari da Muslim, cewa mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafin ƙarya biyu ne. Bar mata tambarin Toyota, ko ka bar wurin ba komai. Wanda ya tambaye ka, ce masa MR2 ce ka yi wa kwaskwarima.

Ranar sayarwa abin ya fi tsanani. Wajibi ne ka bayyana asalin motar, da shekararta, da duk abin da faiba ya rufe, musamman tsatsa, domin sau da yawa ƙarfen da ke ƙarƙashi yana ci gaba da ruɓewa alhali fenti na sheƙi a sama. Ibn Abi Zaid ya faɗa ƙarara a Risala cewa algus da ɓoye aibi ba su halatta a ciniki ba, mai saye kuma yana da damar mayar da kaya in ya gano.

Ka sanar da hukumar rajistar motoci da kamfanin inshorarka, ɓoye musu ma ƙarya ce. Kada kuma a yanke ƙarfen da ke kare mutum lokacin haɗari don bodin ya zauna, faiba tsagewa yake yi in ya sha karo. In kuɗin aikin zai taɓa abincin iyali ko biyan bashi, dakata tukuna.

Wallahu a'alam.