Tambaya da Amsa: Mi ya haɗa sabis ɗin waya da hasashen ruwan sama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin shinkafa ne a fadamar Argungu. Yarona da ka karatu Birnin Kebbi ya hwaɗa min wai masana yanayi na rigima da kamfunnan waya kan zangon rediyo, wai in ba a yi hankali ba sanarwar ruwa da munka saba ji a rediyo za ta lalace. To ni dai ban gane wanga zance ba, mi ya haɗa waya da hadari? Tun ambaliyar 2020 da ta cinye muna gona ba ni wasa da sanarwar ruwa, shi ya sa abin ya tsaya min a rai.
Daga wani manomi, Argungu.

AMSA: Wa'alaikumus salam Baba. Allah ya mayar muku da alheri kan asarar 2020, wannan shekara ai ba mai mantawa da ita daga Augie har Bagudo, shinkafa ta kusa kai yanka ruwa ya zo ya shafe ta. Kuma gaskiya yaronka ya faɗa maka, rigimar tana nan, ba yau aka fara ba.

Ka san yadda kake murɗa rediyo kowace tasha tana da mitarta, to haka waya take da nata zangon, jirgin sama da nasa, talabijin da nasa, duk an raba. Abin da mutane da yawa basu sani ba shi ne tururin ruwan da ke cikin iska shi ma yana fitar da wani ɗan sigina da kansa, ba wanda ya kunna shi, haka Allah ya halicce shi, kuma wajen gigahaz 23.8 ake sauraronsa, gigahaz da megahaz ma'aunin mitar rediyo ne. Taurarin ɗan Adam da ke zagaya duniya suna kasa kunne a daidai wurin, daga ƙarfin abin da suka ji ne ake gane yawan laimar da ke sama, sai a zuba a kwamfuta tare da sauran awo ta lissafa inda hadari zai haɗu da irin ruwan da zai sauke. Haka ɗanshin ƙasa, shi kuma tsakanin megahaz 1400 da 1427 ake jinsa, akwai tauraron Turai mai suna SMOS da aka harba a 2009 da na Amurka SMAP a 2015, aikinsu kenan, su gane ƙasa ta ƙoshi da ruwa ko tana da sauran ƙishi, kai kuma da kake fadama ka fi ni sanin cewa ruwan da ya sauka kan ƙasar da ta riga ta ƙoshi shi ne ke zama ambaliya.

To siginan nan fa mai rauni ne ƙwarai. Kamar ka tsaya kana son jin raɗar yaro ne sai wani ya tada injin niƙa a gefenka. Zangon da aka ware wa 5G, wato sabon sabis ɗin waya mai sauri, a ƙasashe da dama ya fara ne daga gigahaz 24.25, wato katanga ɗaya ce tsakaninsu, in eriyoyin waya suka yi yawa kuma ƙararsu ta tsallaka, tauraron ba zai iya bambancewa ba, zai ɗauka laima ce alhali ƙarar waya ce. Abin da ya fi damuna kenan wallahi, gara a ce awon ya ɓace gaba ɗaya a san babu, da a ce ya shigo gurɓatacce a yi lissafi da shi a ce maka ka shuka.

Kuma kamfanin waya in an hana shi nan zai iya komawa can, injiniyoyinsa su sake saiti. Tururin ruwa ba ya ƙaura, ba gwamnatin da za ta zauna ta canza masa mita. Shi ya sa masana yanayi suka kafe.

A 2019 Amurka ta yi gwanjon zangon gigahaz 24, har Neil Jacobs da ke riƙon hukumar yanayinsu ta NOAA a lokacin ya gaya wa majalisar dokokinsu cewa ingancin hasashe zai iya raguwa da kusan kashi 30 cikin ɗari. A ƙarshen shekarar ƙasashen duniya suka taru a Sharm el-Sheikh ta Masar ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya ITU, aka sa iyaka ga ƙarar da eriya za ta iya zubarwa, amma iyakar bata kai tsaurin da masana yanayi suka nema ba, sai daga watan Satumba na 2027 za a ƙara matse ta.

Kada in tada maka hankali fiye da kima Baba, 5G ɗin da ake amfani da shi a Najeriya tun gwanjon da hukumar sadarwa ta Najeriya NCC ta yi a Disamban 2021 na gigahaz 3.5 ne, yana nesa da wancan na tururin ruwa. Amma bamu tsira ba don wannan, domin lissafin yanayi na duniya ne baki ɗaya, iska bata san boda ba, kuma kai ma ka san hadarinmu daga gabas yake tasowa, in awo ya gurɓace a wani wuri mu ma zai taɓa mu. Sannan hotunan tauraron Meteosat da ke tsaye kilomita kusan 36,000 a sama, waɗanda hukumomin yanayi na Afirka ke dogaro da su, ta zangon da ke maƙwabtaka da wannan 3.5 ɗin ake sauko musu da su.

TAMBAYA: Malam to kenan a hana 5G ne? Mu nan ko sabis ɗin kira ma da kyar muke samu.
Daga wata ɗaliba, Yauri.

AMSA: A'a ƙanwata, ba mai cewa a hana, ai sanarwar ambaliyar ma ta waya take isa ga mutane yanzu, mai kwale-kwale a Yauri yana bukatar sabis kamar yadda yake bukatar sanin iska za ta taso. Abin da ake nema shi ne a bar tazara tsakanin zangon da ake sayarwa da wanda ake sauraron yanayi da shi, a sa matata mai kyau a eriyoyi, kuma a hana shigo da na'urorin ƙara sabis na bayan fage da ke watsa ƙara ko'ina ba lasisi. Ni abin da nake so in gani shi ne duk lokacin da NCC za ta sayar da wani zango, hukumar yanayi ta Najeriya NiMet da hukumar NIHSA mai fitar da hasashen ambaliya na shekara suna zaune a teburin kuma ana jin maganarsu, don kuɗin gwanjo sau ɗaya ake karɓa amma zangon in ya tafi shekaru ake yi bai dawo ba. Babban taron ITU na gaba kan rabon zangon rediyo a 2027 ne kuma Najeriya tana da kujera a ciki, ƙungiyoyin manoman shinkafa na Kebbi suna da bakin da za su tambayi wakilanmu a majalisa wane matsayi za a je da shi.