Argparse, Click ko Cobra? Fara duba kwamfutar da za ta yi aikin

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ɗalibi ne ni a Tawa, na iya Python daidai gwargwado. Kawuna dillalin albasa ne, daga Galmi yake lodi zuwa Yamai. Ya ce in haɗa masa abin lissafin buhuna da bashin da yake bin mutane. Ina so ya yi aiki ta layin umarni, akawunsa ya rubuta "kaya shiga 40" a ajiye. Abokaina kowa da tasa: wannan ya ce Click, wancan Typer, wani ma ya ce in bar Python in koyi Go. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Ƙanena, ɗauki argparse. Tun sigar 3.2 ta 2011 yake zuwa a cikin Python, ba sai ka sauko da komai ba. A shagon kawu, inda intanet sai an jona waya kuma forfe na ƙarewa ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da add_subparsers za ka raba umarninka uku, shiga, fita, bashi, kuma idan akawu ya manta, ya buga --help bayani ya fito masa. Bayanin kai za ka rubuta, don haka yi shi da Hausa ko Faransanci. Saƙon kuskure kam da Turanci zai zo, sai ka gyara shi da kanka.

Click ya fi daɗin rubutu, ba musu. Armin Ronacher, mai Flask, ya fito da shi a 2014, kuma yana da abin da nake so ƙwarai, wato click.confirm, mai tsayar da mutum ya tambaye shi kafin ya goge lissafin bashi. Typer a kan Click aka gina shi, yana gane nau'in da ka sa wa kowane abu, ya ƙi karɓar "arba'in" inda ake jiran 40. Amma dukansu sai an girka. In ka nace, yi pip download a inda intanet ke da ƙarfi, ka kwashe a kile ka kai shago.

Mai cewa Go bai yi ƙarya ba, gaggawa ya yi. Da Cobra aka gina kubectl da Hugo da gh na GitHub, kuma Go na fitar da fayil guda da zai tashi a Windows ko babu Python. Ranar da dillalai goma suka ce suna so, dawo mu yi wannan maganar.

Abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi damuna: ina za ka ajiye lissafin? Kuran zai ɗauke ana tsakar rubutu. Yi amfani da sqlite3, shi ma yana cikin Python. In wuta ta tafi, ko dai buhunan 40 sun shiga gaba ɗaya ko ba su shiga ba, babu rabi da rabi.

Tambaya: Daga Yamai nake, ƙaramin ofis gare ni. Wanda ke haɗa mana manhaja ya sa kuɗin "lasisin Typer" a takardarsa. In biya?

Amsa: Hajiya, kada ki biya wannan layin. Typer kyauta ne, lasisin MIT gare shi. Click na BSD, Cobra na Apache 2.0, babu mai karɓar ko dala. Ladan aikinsa haƙƙinsa ne, ki biya. Sai dai ki ce ya sake rubuta takardar da sunan abin da ya yi, ya kuma miƙa miki ainihin rubutun manhajar kafin ki cika masa sauran kuɗin.