Sabon makulli yana buɗe ƙofa, amma mota ta ƙi tashi

Tambaya: Ɗaya daga cikin makullan motata biyu ya ɓace, sai na kai wanda ya rage aka yanka mini irinsa. Sabon yana buɗe ƙofa, yana kuma juyawa a mazauninsa, amma injin ya ƙi tashi. Ko yankan ne bai yi daidai ba?

Amsa: Malam, tunda makullin yana juyawa, yankan ba shi da laifi; motar ce ba ta san shi ba tukuna. A cikin baƙar robar da ke kan makullinka na asali akwai wata 'yar na'ura da ba ta fi ƙwayar shinkafa girma sosai ba, wadda ke ɗauke da lambar sirri. Idan ka zura makullin, wani zoben waya da ke kewaye da bakin mazaunin yakan aika mata da ƙarfin lantarki, ita kuma ta amsa da lambarta. Idan kwamfutar motar ba ta ji lambar da ta sani ba, sai ta hana mai ko wuta isa ga injin, kuma sau da yawa za ka ga wata 'yar fitila mai hoton makulli tana ƙyaftawa a gaban sitiyari. Wannan tsari shi ake kira imobilaiza, kuma ƙasar Jamus ta wajabta shi a kan sababbin motoci tun 1998 domin rage satar mota.

Wannan 'yar na'ura ta cikin makulli ba ta dogara da batirin rimot ba, saboda haka sauya batiri ba zai magance matsalarka ba.

Abin da kake bukata shi ne makulli mai na'urar da ta dace da ƙirar motarka da shekararta, sannan ƙwararre ya jona na'urar aikinsa a soket ɗin OBD, wato soket ɗin binciken kwamfutar mota mai ramuka 16 da ke ƙasan sitiyari, ya yi wa makullin rajista. Ka tafi da takardun motar da lambar jikinta mai haruffa da alƙaluma 17, domin duk mai aikin kirki zai nemi shaidar cewa motar taka ce. Ban ba ka shawarar sayen makullin da ya taɓa aiki a wata mota ba, domin da yawa daga cikinsu sukan kulle kansu ga motar farko.

Ina roƙonka kada ka jinkirta, domin idan wanda ya rage shi ma ya ɓace, aikin zai fi wuya da tsada, har a wasu motocin sai an ciro kwamfutar. A ranar rajistar kuma, ka sa a goge wanda ya ɓace daga ƙwaƙwalwar motar, ka kuma riƙe na hannunka a wurin, domin a motoci da dama gogewar takan shafi duk makullin da ba a gabatar ba a lokacin.