Malam, fara kwashe rubutunka kafin ka nemi wata manhajar

Wa alaikumus salam Malam. Na ga tambayarka, cewa Evernote ɗin da ka tara darussan makaranta da sunayen ɗalibai a ciki shekara da shekaru yanzu ya hana ka yin sabon rubutu sai ka biya, ga shi ya yi wa wayar nauyi, kana son sanin me ke lalata irin waɗannan manhajoji, kuma ina za ka koma. Wallahi ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Tawa ba Evernote ba ce, wata ce daban da ba zan kama sunanta ba, amma jiki magayi.

Da farko, wayarka lafiyarta ƙalau, kada wani ya ci kuɗinka da sunan gyara. Tun Disambar 2023 suka ƙayyade wa mai amfani kyauta rubutu 50 da littafi ɗaya tak. Wanda nasa ya riga ya haura 50 yana iya karanta tsofaffin, ya gyara su, ya kwashe su, sabo ne dai babu.

Kuma ba dare ɗaya aka zo nan ba. Lokacin da suka buɗe wa jama'a a 2008, kyauta suke rabawa hannu sake, masu zuba jari na turo kuɗi, har a 2012 aka yi wa kamfanin ƙimar dala biliyan ɗaya. To wanda ya zuba wannan kuɗi ai ba sadaka ya yi ba. Shi kuma rubutu abu ne da in ya yi kyau ya gama, me za ka ƙara wa takarda da biro? Sai aka shiga neman abin sayarwa. Har safa da jakar goyo suka sayar, Malam, kamfanin ajiye rubutu! A 2016 suka rufe wannan kanti, suka ce mai kyauta na'ura biyu kawai zai haɗa. Ƙarshen shekarar suka fito da wata ƙa'ida da za ta bai wa wasu ma'aikatansu damar duba rubutun mutane, jama'a suka yi ca, suka janye. A 2020 aka sake gina manhajar daga tushe, ta dawo da nauyi, wasu abubuwan da aka saba da su babu. Daga nan kamfanin Bending Spoons na Milan a Italiya ya saye su, a 2023 aka sallami yawancin ma'aikatan Amurka, kuɗin shekara a lokacin ya kai wajen dala 130. Juya wannan zuwa sidi. Kai ma ka san yadda dala ta tashi daga wajen sidi 6 a farkon 2022 ta haura 14 kafin shekarar ta fita. Sannan katin banki suke so, mu kuwa MoMo ne a hannunmu.

Abin da na fahimta shi ne, da zarar rubutunka ya taru a wurinsu, sun san ba ka iya tashi cikin sauƙi. Kamar haya ce a Accra: kayanka na ɗaki, makulli na hannun mai gida, ya ce ka kawo na shekara biyu ko ka kwana a waje.

Ni nawa ya fi naka muni. Kun san ni nake riƙe wa maigidana lissafin albasa. Bayan an tashe mu daga kasuwar Agbogbloshie a Accra zuwa Adjen Kotoku a bayan gari a 2021, ciniki ya rikice, masu saye da yawa suka ce wurin ya yi musu nisa, dole aka riƙa sakin kaya bashi don kada albasa ta ruɓe a ƙasa. Duk buhun da ya fita, da wanda ya ɗauka, da abin da ya rage, a wannan manhaja nake rubutawa. Wata safiya ta sabunta kanta ba tare da ta tambaye ni ba. Na buɗe, ta ce sai na shiga da intanet za ta mayar da rubutuna sabon tsari. Ga mota ta iso daga Nijar, direba na jiran kuɗinsa ya juya, ga maigida tsaye a kaina yana cewa karanto mini masu bashi mu aika a karɓo. Wani abu na ta juyawa a fuskar wayar, yana juyawa, yana juyawa. Da ta gama, rubutun kaka guda cur babu. Tsofaffin da ba na buƙata suna nan daram.

Na rubuta wa kamfanin. Amsar da ta zo ba ta mutum ba ce, Turanci mai santsi, wai sun ji zafin abin da ya same ni, a ƙasa kuma ga rangwame in na koma tsarin biya. Na sake rubutawa, amsar nan dai ta dawo, ko waƙafi bai canza ba.

Sai na tafi Circle, inda ake hada-hadar waya a Accra, wajen wani mai gyaran waya da aka yi mini kwatancensa. Na ce masa don Allah don Annabi kada ka goge komai, abin da ke ciki ya fi wayar tsada. Ya dafa ƙirji ya ce ai wannan ƙaramin aiki ne, je ka yi sallah ka dawo. Na dawo na tarar ya wanke wayar tas, tana yi mini barka da zuwa kamar yau aka ɓare ta daga kwali. Hotunan rasit ɗin da nake ɗauka, waɗanda da su zan iya harhaɗa lissafin, sun bi ruwa. Yana murmushi yana cewa duba yadda take gudu yanzu. Kuma ya miƙo hannu a biya shi. Har yau in na bi ta wannan layi sai raina ya ɓaci.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya biyo baya. Wani dillali da muke cin abinci kwano ɗaya, da ya ji labarin lissafi ya ɓata, sai ya ce buhu 12 ya ɗauka, alhali na san ya haura 30, da hannuna na ƙirga aka ɗora. Ya rantse a gaban mutane, idonsa a bushe. Maigida bai ce na ci kuɗinsa ba, Allah ya saka masa, amma ya dube ni wani irin kallo da na gwammace ya zage ni. Daga ranar ya sa ƙaninsa yana zama kusa da ni in ana lissafi, wai yana koyo. Shi dillalin kuwa yana nan yana yawonsa, muna haɗuwa a sahu, har hannu yake miƙo mini. Na bar shi da Allah.

Yi haƙuri Malam, na yi nisa. Abin da nake so ka yi yau, ba gobe ba: samu kwamfuta, sa Evernote a kanta, ka fitar da kowane littafi a matsayin fayil ɗin ENEX, wato irin fayil ɗin da Evernote ke kwashe rubutu a ciki. A waya ba ya yiwuwa. In ya ce na'urorinka sun yi yawa, cire wayar daga asusun na ɗan lokaci. Ajiye fayilolin wuri biyu, ɗaya a filashi. Bayan haka sai a yi maganar inda za ka koma, hankali kwance.

Joplin kyauta ne, yana karɓar ENEX kai tsaye ta kwamfuta, yana buɗewa ko babu intanet. Ba shi da ƙyale-ƙyale, kuma haɗa waya da kwamfuta ta ma'ajiyar intanet irin Dropbox ko OneDrive yana ɗan buƙatar wanda ya iya. Obsidian kuma rubutunka fayiloli ne zalla a cikin wayarka, ko kamfanin ya mutu gobe za ka buɗe su da wata manhajar. Ni shi nake amfani da shi yanzu, saboda wannan dalili kaɗai. Google Keep ya fi su sauƙi ga sunayen ɗalibai da 'yan tunatarwa, sai dai ba zai ɗauki tsofaffin darussanka ba, kuma girman kamfani ba lamuni ba ne: Google sun taɓa rufe manhajarsu ta ajiye rubutu mai suna Notebook, Microsoft sun sayi manhajar jera ayyuka ta Wunderlist a 2015 suka rufe shi a 2020.

Mu dai me muka nema? Ta buɗe da sauri a Tecno ko itel mai ƙaramin ciki. Ta yi aiki lokacin dumsor, wato ɗauke wuta, data ta ƙare. In na nemi "kudi" ta nemo mini "kuɗi", don rabin rubutuna ba lanƙwasa. In na haɗa Larabci da boko a layi ɗaya kada ta hautsina su. Ba wanda ya roƙi manhajar da za ta taƙaita masa rubutun da shi ya yi da hannunsa, amma kullum irin wannan ake ƙara mana, wayar na ƙara nishi.

Wani abu kuma, duba lambar waya da imel ɗin da ka buɗe asusun da su. Lokacin da aka toshe layukan da ba a haɗa da katin ɗan ƙasa, Ghana Card, ba a 2023, akwai 'yan'uwanmu da lambar shiga asusunsu ke tafiya layin da ya riga ya mutu. Maganar kuɗin makarantar yara kuwa, wannan mayar da ita littafi mai bango, uba ya biya ya sa hannu. Kai ne malami, ka fi ni sanin abin da aya ta 282 a Baƙara ta ce kan rubuta bashi da kafa shaidu. Mu yanzu buhu ba ya fita sai an rubuta a takarda gaban mutum biyu, waya ta biyo baya.

Kada ka goge tsohon asusun sai ka buɗe darussan ɗaya bayan ɗaya a sabon wurin, musamman masu hoto da masu Larabci. In ba ka da kwamfuta yi mini magana ta gefe, ɗan yayana a Maamobi yana da ita, sai mu haɗu bayan Juma'a a masallacin Kanda, ka taho da filashi.