Tambaya da Amsa: Abokan Majalisa Sun Sa Wayata a Gaba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a unguwar Mabera a Sakkwato. Shekara uku ke nan ina riƙe da waya ɗaya, kuma ba ta da wata illa sai cajin da ba ta riƙewa. A majalisar da muke zama bayan sallar isha'i kusan kowa ya canja waya, wasu sun koma iPhone, kuma duk sanda na fito da tawa sai a ce Malam ya zo da kayan tarihi. A watan gobe zan kwashi adashi, zuciyata kuma tana raya mini in bayar da tsohuwar in yi ciko in karɓi sabuwa, alhali kuɗin haya na ware su. Me kuke gani?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. A cikin wasiƙarka akwai abubuwa biyu da suka cakuɗe, wato batir da ya gaji da kuma zolayar abokai, kuma na farkon ne kaɗai ya shafi wayar.

Batirin waya yana da wa'adi. Kamfanin Apple da kansa ya bayyana cewa batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta an ƙera shi ne ya riƙe kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 500, kuma ya ce wayoyinsa sun fi son yanayin da bai wuce digiri 35 ba. To kai da kake Sakkwato, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, kana barin waya a aljihun babur ko a jone kan benci rana tana dukanta, ai batirin da ya yi maka shekara uku ya yi ƙoƙari. Ka kai ta wurin mai gyaran waya da ka amince da shi, ya buɗe ta a gabanka, ka ga ko batirin ya kumbura har ya fara ɗaga murfin baya, sannan ya sa maka sabo mai kyau. Kuɗin wannan aiki bai kai ko kusa da cikon da za ka yi ba. Abin da ya kamata ya sa ka tunanin canji shi ne idan kamfanin ya daina aiko wa wayar gyare-gyaren tsaro, har manhajar banki ta ƙi buɗewa a kanta, domin a nan kuɗinka ne ke cikin haɗari.

Ka kuma lura cewa tseren da ake so ka shiga ba shi da ƙarshe, domin ba a majalisarku aka tsara shi ba. Tun da iPhone ta fara fitowa a 2007, kusan kowace shekara sai an fito da sabuwa, galibi a watan Satumba, kuma sau da yawa bambancin bai wuce ƙarin idon kyamara da sabon launi ba. A 2020 hukumomin Faransa sun ci tarar Apple Yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu tsofaffin wayoyi cewa sabunta manhaja na iya rage musu sauri ba. Su kansu masu ƙera wayoyin sun san cewa waya tana iya daɗewa, shi ya sa a 2024 Samsung ya yi alƙawarin sabunta Galaxy S24 har tsawon shekara 7. Kuma duk waɗannan kaya da dala ake shigo da su. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dalar da take ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati ta zarce 1,500 a 2024, yayin da sabon mafi ƙarancin albashin da aka kafa a shekarar bai wuce Naira 70,000 ba. Albashin malami bai bi dala ba, farashin waya kuwa ya bi ta sau da ƙafa.

Game da abokan naka, ban ce suna da mugun nufi ba, domin zolaya gishirin majalisa ce, kuma in ba wayarka ba za a taɓa hularka. Sai dai da za ka zauna da kowannensu shi kaɗai, ba mamaki ka tarar wani ta hannu ya saya, wani kuma yana biya kaɗan-kaɗan, irin wayar da ke kulle kanta ranar da aka yi jinkirin biya. A majalisa wayar ake ajiyewa kusa da kofin shayi, ba a ajiye takardar bashin. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hore mu da mu dubi wanda yake ƙasa da mu, kada mu dubi wanda yake sama da mu, don kada mu raina ni'imar Allah, kuma a zamaninmu wanda muke ɗauka yana sama ɗin ma wani lokaci kallon kitse muke yi wa rogo.

Idan an sake cewa ka zo da kayan tarihi, ka yi dariya tare da su, ka ce wanda tausayinka ya kama ya sayo maka sabuwa, za ka karɓa hannu biyu. Mai zolaya yana jin daɗi ne idan ya ga maganarsa ta yi zafi, kuma da zarar ka daina ɓoye wayar a aljihu za su koma kan wani.

Kuɗin adashi kuwa ka kai wa mai gida tun ranar da ka kwasa, kafin su kwana a hannunka, abin da ya rage ka cire na batir.